Ka Bar Shi Ya Riƙa Ɗiga

Gubaira, Riyad
Ranar Juma'a, tsakiyar watan Sha'aban

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a ruwa, ya haɗa ka da abokan tafiya na kirki.

Yau na tashi da dama-dama. Tarin ya lafa, sai dai ƙafafun sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, da wuya in samu zuwa masallaci. Malam Tanimu direba, maƙwabcina, ya kawo mini saƙonka: jirginku zai bar Dammam farkon mako, tafiya ce ta watanni, kuma za ka biyo jirgin ƙasa yau ka zo mu yi sallama. Na share ɗaki, na aika an sayo na'ana'a da sukari. Amma na san halina. In ka zauna a gabana, ko numfashi ya gaza mini, ko in ɓata lokacin da mita kamar zuwanka na baya, da na ce ka zauna a warsharku ta gyaran motoci a Sulay ka rabu da teku, ka tashi ka tafi ban sa maka albarka ba. Wannan albarkar nake so in sa maka yau da bakina, hannuna a kanka. Sauran maganar kuwa, wadda ta fi ƙarfin ƙirjina, ita ce nake rubutawa kafin ka iso. Na san Larabci ya fi maka sauƙi, kuma bokon da na koya a elementare ya tsufa kamar ni. Ka karanta a hankali.

Ba injin nake jiye maka ba. Wanda ya kwance injin tirela ya mayar ba zai rasa kan ɗan injin jirgin iska ba. Tanimu ya ga jirgin ranar da ya kai kaya tashar ruwa. Ya ce fari ne tas, attajirin da ya ɗauke ka aiki ya sayo shi daga Turai, sandar tantinsa mai kama iska ta fi hasumiyar masallacinmu tsawo, amma injin yana ƙarƙashin matakala, a wani rami da bai fi akurkin kaji ba. To a bayan wannan injin akwai wurin da nake so mu yi magana a kai. Sandar ƙarfen da ke juya farfela tana fita waje ta cikin bututu, a ƙarƙashin ruwa. Wato rami ne aka huda wa jirgi da gangan. Abin da ya raba ku da teku a wurin shi ne 'yan zobba na igiya saƙaƙƙiya da aka jiƙa da kitse, waɗanda Larabawa ke kira hashwa, an cusa su a bakin bututun an danne da noti. Duk tsadar jirgin nan, a kan wannan 'yar igiyar yake zaune.

Ka tuna randar ƙasa da ke bakin ƙofata, wadda take tsatsafo tana ɗiga cikin kwano? Shekarar da ka fara aiki ka zo ka gan ta, ka ce, “Baba, ruwan da ake saye daga motar tanki shi kake bari yana zuba?” Ka shafe mata gindi da siminti, ka yi mata fenti. Ta daina ɗiga, ruwan kuma ya koma kamar na wankan jego. Sai da muka sayi wata. Ban yi maka faɗa ba, domin ni ma haka aka gina ni. Mu mutanen tudu ne. Kai kuma a garin da ake tsayawa layi don ruwa ka girma, aikinka a warsha duk inda ka ga yoyo ka toshe. Wannan halin kirki ne a Riyad. A bayan injin jirgi shi ne zai cuce ka.

Ni ya cuce ni. Ka san a ƙafa na baro gida zuwa Hajji, guzuri ya ƙare mini a Suwakin, na shiga aikin sambuk, jirgin katako mai tanti da ke ƙetara mutane da tumaki zuwa Jidda. An sa wa namu inji ba da daɗewa ba, mai kula da shi kuma wani dattijo ne Basudane, Usta Abdurrahim, mai ƙaton ciki da ba ya shiga ramin bayan inji. Ni siriri ne, sai ramin ya zama nawa. Ran da na fara shiga na ga ruwa yana ɗiga daga bakin bututu, ɗis, can kuma ɗis. Na ɗauki sifana na ɗaure notin har ɗigon ya tsaya, na ƙara kaɗan don kada ya dawo. Na fito ina jin na ceci jirgi, ban gaya wa kowa ba, ina jiran a gani a yaba.

Muna tsakiyar teku da hantsi sai wani wari ya taso, irin na babbakar kan rago ranar Layya. Usta ya kashe inji, ya tura hannu ta ƙofar ramin ya taɓa, ya janye yana yarfewa. Ya dube ni, ya kira ni da sunan da suke kiran mu mutanen yamma.

“Ya Takruri, kai ka taɓa notin nan?”

Na ce, “Yoyo yake yi, Usta.”

Ya ce, “Yoyo. To kai ma gumi kake yi, kawo sifanar in ɗaure ka.”

Ma'aikatan jirgi suka yi ta dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Hashwar ta ƙone ƙurmus, ta ci sandar ta yi mata kwari kamar wuyan rijiyar da igiya ta daɗe tana gogawa. Daga ranar duk hashwar da aka sa ba ta riƙewa. Har Jidda muna kwarfar ruwa da gwangwani, bi da bi, alhazai suna ɗaga ƙunshin kayansu sama, wata tsohuwa tana ta tambayata ko nitsewa za mu yi.

Saboda haka, ɗana, ka ji wannan ko da ka manta sauran. In sanda tana juyawa, dole wurin ya riƙa ɗiga. Ɗigon ne ke sanyaya hashwa, shi ne ke hana ta cin ƙarfe. Ba zuba ba, ba kuma bushewa ba: ɗigo jefi-jefi, wanda za ka tsaya ka saurara kafin na gaba ya faɗo. In jirgi yana tsaye, ya kusa ɗaukewa. Kada ka yarda da ido kaɗai. Bayan inji ya ɗan yi tafiya, ka tsayar da sandar ka sa bayan hannunka a jikin bakin bututun. In ɗuminsa kamar goshin yaro mai lafiya ne, ka bar shi. In ba ka iya barin hannun a kai, ka sassauta. In ɗigon ya yi yawa, ka ɗaure kaɗan, kaɗan ƙwarai, ka fita ka sha iska, a yi tafiya, ka dawo ka duba. In notuna biyu ne, hagu da dama, ka ba su daidai wa daida, kada ɗaya ya fi, don kada abin ya karkace ya ciji sandar ta gefe guda.

Mai jirginku ba zai so ganin ruwa a ƙasan jirginsa ba. Mutanen yanzu sun saba da sabuwar mota, komai a bushe yana ƙyalli. Zai ce ka tsayar. Kada ka yi masa gardama a gaban baƙinsa. Ka same shi tun kafin ku tashi, kai da nahuda, wato shugaban matuƙan jirgin, ka nuna masa wurin, ka gaya masa dalili. Ka ajiye ɗan kwano ƙarƙashin ɗigon kana zubarwa, ransa zai yi sanyi, naka ma haka.

An kira sallah na tsaya, na yi azahar a zaune. Tanimu ya shigo daga masallaci da shinkafa a kwano. Ya ga takardu a baje ya ce, “Baba Malam, ƙarar wa kake rubutawa haka? In kafilina ne, Balaraben da nake wa tuƙi, ka ƙara cewa tayoyin motar sun suɗe.”

Na ce, “Habibu nake wa.”

Ya ce, “Mutumin da zai zo yanzu? Ai gara ka adana bakinka ka ci shinkafa.”

Na ci kaɗan don ya tafi. Yanzu unguwar shiru, masu rushe gidajen ƙasa na bayanmu suna hutun Juma'a. Sauran ranaku ƙarar motocinsu ba ta barina in ji ko tarina.

Bari in koma. Kuskurena na biyu na ganda ne. Ramin namu, sai ka kwanta a kan haƙarƙari, kanka a ƙasa, hannu ɗaya kaɗai ke kaiwa, kuma ba ka ganin abin da hannun yake yi. Ga zafi, ga warin man gas, ga ruwan ƙasan jirgi yana lasar maka kunne. Wanda ke cikin wannan hali so yake ya gama ya fita. Da lokacin canjin hashwa ya yi, na zaro zoben farko, sauran suka ƙi fitowa, sai na bar su. Na ɗauki sabuwar igiya na naɗa ta a jikin sanda kamar mai naɗa rawani, na tura, na ɗaure. Ta yi kyau kwana kaɗan. Sannan ruwa ya bi naɗin nan kamar hanyar da aka share masa, tsofaffin zobban na ciki kuma sun bushe sun zama kamar dutse suna gurzar ƙarfe.

Usta bai zage ni ba wannan karon. Ya ɗauki wata waya mai ƙarfi ya sa a wuta, ya lanƙwasa bakinta, ya murɗa ta kamar ƙahon rago, ya sa mata mariƙin katako. Ya ce, “Hannunka ba shi da ido. Wannan ce idonsa.” Ita ce ƙugiyar da ka sha gani a akwatina, wadda mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, take ɗauka tana zaro tsummar da ta toshe magudana, ni kuma ina yi mata ƙorafi. Na goge ta na shafa mata mai, tana nan kusa da ni, kai zan ba.

Ka zaro tsohuwar hashwa duka, har sai ka ji bakin ƙugiya yana karta ƙarfe a ƙarshen bututu. Ka yi hattara kada ka karci sandar kanta. Sabuwar kuwa kada ka yanka ta a rami. Ka nemi guntun bututu mai kauri ɗaya da sandar, ka zauna a sarari da rana, ka naɗa igiyar a kai, ka yanka da wuƙa mai kaifi a karkace, zobe-zobe, kowanne bakinsa ya haɗu ba tazara. Ka yanka fiye da buƙata, domin ɗaya zai faɗa ruwa. Ka shafa musu giris. Ka sa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka tura shi ya zauna kafin na gaba, kuma kada mahaɗarsu ta zo wuri ɗaya: in ta farko tana sama, ta biyu ta koma gefe, ta uku ta koma wancan gefen. Farkon ɗauri ka yi shi sako-sako, ka bar sabuwar hashwa ta sha ruwa ta kumbura ta sami wurin zama.

Abin da ya fi shi ne a yi wannan aikin an ɗaga jirgi a tudu. In dole ta sa sai a ruwa, ka sani da ka zare zoben ƙarshe teku za ta shigo, ba ɗigo ba, da ƙarfinta, ta doke ka a fuska. Karon farko da ta yi mini haka na saki sifana, ta nitse ƙarƙashin inji inda hannu ba ya kaiwa, na yi ta ihu ina toshe wurin da tafin hannu har aka miƙo mini wata. Ruwan ba ya kai yadda tsoro ke nuna maka. Ka sa mai iyo ya nitsa ta waje ya cusa tsumma mai giris a bakin ramin. Ka sa wani a kan famfo. Ka jera zobbanka inda hannu zai same su ba sai ka duba ba. Kowane ƙarfen aiki ka ɗaura masa zare ka rataye a ƙusa a bangon ramin. A bango na ce, ba a wuyan hannunka ba, yanzu za ka ji dalili.

Yatsuna biyun nan na hagu da ba sa miƙewa, kana yaro ka tambaye ni, na ce maka kifi ne ya cije ni. Ka yarda har ka girma kana ƙin cin kifi. Ba kifi ba ne. Wata rana iska ta yi kyau, aka kashe inji aka ɗaga tanti. Na ce ga dama ta samu, inji a kashe, bari in shiga in duba. Abin da mutumin mota ba zai kawo a ransa ba shi ne, jirgin iska yana tafiya ko inji ya mutu, ruwan da yake ratsawa kuma yana juya farfela, farfela tana juya sanda. A hankali take juyawa, ba ƙara. Na miƙa hannu, kan wata ƙusa ta mahaɗar sanda ya kama hannun rigata, ya naɗe, ya ja ni. Rigar tsohuwa ce ta yage, da sabuwa ce da hannun duka ya tafi.

Kai kana son doguwar farar riga da agogo. Ka tuɓe su kafin ka shiga, har carbi da zobe. Ka tabbata an kulle sandar ba ta motsi, ka gwada da idonka. Ka gaya wa nahuda kana ciki, ka zare makullin inji ka sa a aljihun wandonka, kada wani ya tayar bai sani ba. Ka sa mutum ya zauna a bakin ramin yana yi maka magana. In ka ji kanka ya fara nauyi, ko ka ji barci yana fizgarka, ba gajiya ba ce, iskar wurin ce, ka fito nan take ko aikin saura ƙiris.

La'asar ta yi. Na ji kukan jirgin ƙasa daga wajen tasha, na dasa ruwan shayi. Daga tasha zuwa nan ba nisa, ko da ƙafa ne.

Kafin ka shigo bari in ƙara ɗaya, wadda ba ta hannu ba ce. Mu an koya mana kunya da kawaici, kuma baƙo a jirgin mutane ba ya son ya zama mai kawo mummunan labari. Akwai tafiyar da na lura ɗigon yana ƙaruwa, ina ɗaurewa yana dawowa. Na yi shiru, ina tsoron a ce Takruri ya sake ɓata abu. Ina kwashe ruwan a ɓoye. Ashe ba hashwar ba ce, injin ne ya goce daga mazauninsa, sandar tana rawa tana cin zobban ta gefe. Da na faɗa da wuri, aikin yini ne a tasha. Da na yi shiru, sai da muka kwana biyu a bayan wani tsibiri muna jiran iska da ragowar ruwan sha. In hashwa tana saurin ƙarewa, kada ka yi ta ɗora mata laifi, ka duba zaman inji. In ka ga ruwa ba ka san daga ina yake ba, ka ɗanɗana da yatsa: in gishiri ne teku ce, in ba gishiri tankinku ne. Kuma ko mene ne, ka faɗa tun yana ƙarami. A tudu kawaici ado ne. A ruwa akwai rayukan mutane a kan abin da ka gani.

Ka riƙa leƙa wurin kullum, safe da yamma, kamar yadda ake leƙa mara lafiya, ko ba abin da ya faru. In akwai ɗan kofin giris a jiki ka murɗa shi kaɗan bayan kowace tafiya. In bututun roba ne ya haɗa abin da jikin jirgi, kamar yadda na ji ana yi a jiragen Turai, ka matsa robar da yatsa ka ji ko ta fara tsagewa, ka duba maɗauranta ko sun yi tsatsa. Wannan ban yi aiki da shi ba, ka tambayi wanda ya sani, kada ka ji nauyin tambaya.

Ka riƙe sallah. A jirgi alƙibla tana yawo, ka tambayi nahuda, shi ya san inda take. Ka ci abin da aka ci. In an kira ka Takruri ka amsa, ni na amsa shekaru, waɗanda suka kira ni da shi su suka ɗaure mini yatsu da tsinken katako suka yi ta ba ni abinci a baki.

An yi magariba. Na sake ɗumama shayin har na'ana'ar ta yi baƙi. Duk takun da na ji a lungu sai in ɗaga kai, ya wuce. Tanimu ya leƙo, ya dubi kofuna biyun, bai yi barkwancinsa ba. Ya ce, “Baba Malam, na je tasha na duba. Jirgin ya zo, mutane sun watse.” Ya ce gobe bayan asuba zai ɗauki kaya zuwa Dammam, in ina da saƙo.

Ban san abin da ya riƙe ka ba. Mai yiwuwa shirin tafiya ne, na san yadda ranakun ƙarshe suke a tasha, ba a ba ƙaramin ma'aikaci izini. Mai yiwuwa kuma maganata ta wancan zuwan ce ba ta sake ka ba. Ko wanne ne, ban riƙe ka da komai ba. Na so in faɗa da baki, Allah bai nufa ba, to ga shi a takarda, ka ɗauka kamar hannuna yana kanka: na yarda da tafiyarka, Habibu. Allah ya yi maka albarka, ya yi wa aikin hannunka albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In ka dawo ka same ni, alhamdu lillahi. In ba ka same ni ba, ka riga ka samu abin da ke wurina.

Zan naɗe ƙugiyar cikin takardar nan in ba Tanimu. Na gaya masa kada ya bar wa kowa, ya sa a hannunka. Ɗakin ya yi shiru, ba abin da nake ji sai randar bakin ƙofa tana ɗiga cikin kwano. Ruwanta da sanyi, na ajiye maka kofi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ilyasu